An canja famfon mai, har yanzu mota tana mutuwa idan ta yi zafi

Baban Khairat:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Masana a taimaka da shawara don Allah. Corolla ce 2005, 'yar Kwatano. Da safe ki ɗaya take tashi. Amma da zarar na shiga cunkoso da rana sai ta fara shaƙewa, in taka totur ta ƙi amsawa, can sai ta mutu. In na yi ki injin yana juyawa garau amma ba ya kamawa. Sai ta huta kamar rabin awa sannan ta tashi kamar ba ita ba. Bakanikena ya ce famfon mai ne, muka canja. Ta ɗan yi kwana biyu lafiya ta koma gidan jiya. Ya ce wanda muka sayo jabu ne, aka sake sa wani. Jiya ta sake ajiye ni a titin Zariya, ga iyali a ciki. Yanzu kuma ana ce mini birenbos ne, wato ƙwaƙwalwar mota. Kafin in sake zuba kuɗi nake son in ji ta bakinku.

Direban Golf Sakkwato:
Wa alaikumus salam. Alhaji abin ga mai sauƙi na, rile na, wanga ɗan makulli mai ba famfo wuta. Mu da muke bisa hanya kullum ba mu rabuwa da rile guda cikin aljihun mota. Golf 3 nika tuƙi, wanga mai lamba 167 in ya gaji haka shika yi, ya yi zafi ya saki. Ka canza shi ka huta.

Mai Kayan Gyara:
Kullum dai laifin yana kanmu. Mota ta mutu, famfo jabu ne. A dawo mana da shi, mu jona a batir ya yi ta gudu lafiya lau. Ban ce babu jabu a kasuwa ba, akwai shi sosai, amma sabo bayan sabo duk su kawo cuta iri ɗaya, a lokaci iri ɗaya? A dai duba.

Abu Hanan:
Ka sa kunne a bayan mota, wani ya murɗa makulli zuwa ON ba tare da ya tayar ba. In ka ji "zuuu" na ɗan lokaci famfo yana samun wuta. In shiru, to wuta ba ta zuwa. Shi ke nan.

Ɗan Poli:
@Abu Hanan wannan gwajin daidai ne a Honda da Ford da wasu motocin, inda ƙwaƙwalwar mota ke kunna famfo na kamar daƙiƙa 2 da an buɗe makulli don mai ya cika layi. Amma Toyota da yawa na wancan zamanin, har da irin wannan Corolla, ba haka tsarinsu yake ba. Ƙwaƙwalwar tana jira ne sai ta ga ana kik kuma injin yana juyawa, sannan ta ja rile ɗin da ake rubuta wa C/OPN, shi kuma ya ba famfo wuta. Don haka shiru a ON a wannan motar ba ciwo ba ne. An cire famfuna masu lafiya da yawa saboda wannan shirun.

Abu Hanan:
To ni a tawa nake ji, Accord ce.

Ɗan Poli:
Shi ya sa. Naka gwajin na gidanku ne.

Tsohon Rewaya:
Salamu alaikum. Malam Baban Khairat, sannu da haƙuri. Kada ka taɓa birenbos tukuna, shi ne abu na ƙarshe da ake zargi, kuma shi ya fi kowa tsada. Amsa mini waɗannan. Lokacin da ta mutu, in ka buɗe makulli fitilar injin nan ta dashbod tana kamawa? In kana kik allurar da ke nuna gudun inji tana ɗan motsi? An duba ko fulogi yana ba da wuta a daidai lokacin da ta ƙi tashi, ba bayan ta huce ba? Sannan tun da ka saye ta, ko kafin ta zo hannunka, an taɓa sa mata tiraka, na'urar nan ta bin sawun mota da kashe ta in an sace, ko alam ko makullin sirri na ɓarayi?

Baban Khairat:
Baba fitilar tana kamawa. Allura ban lura ba gaskiya. Wuta a fulogi akwai, bakanike ya zare kwayil ɗaya, abin nan da ke ba fulogi wuta, ya gwada a gabana jiya a bakin titi. Kuma da ya fesa ɗan mai ta wajen iska ta kama ta sake mutuwa. Tiraka akwai, wanda na saya a hannunsa ne ya sa, ni ban ma taɓa sabunta layin sim ɗinta ba. Game da wuta kuma, yaron rewaya ya ɗaga kujerar baya ya zare soket ɗin famfo ya sa mita, aka yi kik ta nuna wuta tana zuwa. Shi ya sa suka ce waya ba ta da laifi.

Tsohon Rewaya:
Madalla, ka rage mana aiki. Tunda fulogi yana ba da wuta, sensan kiranshaf mai lura da juyawar inji yana aiki, ƙwaƙwalwa tana ganin inji yana juyawa. Tunda ta kama da man da aka fesa, mai ne ba ya isowa. Saura mu san dalili.

Amma gwajin da yaron ya yi bai wanke waya ba ko kaɗan, kuma a nan ne yawancin yaranmu suke faɗawa rami. Ya zare soket, wato ya cire famfo daga layi, sannan ya auna. Mitar nan ta zamani kusan ba ta jan komai. Ko da silin tagulla ɗaya tak ya rage a cikin waya, sauran duk sun cinye, za ta nuna maka bolt 12 cif. Kamar tiyon ruwa ne da aka taka da ƙafa: muddin bakinsa a toshe yake za ka ji shi tam da ƙarfi, sai ka buɗe ka ga ɗigo yake yi. Famfo kuwa amfiya 4 zuwa 8 yake nema. Waya ko mahaɗar da ta ci tsatsa ba za ta iya kawo wannan ba.

Don haka ana aunawa ne soket yana jone, famfo yana aiki. A soka siririyar allura ta bayan soket ta taɓa ƙarfen, ba a huda rigar waya ba.

Direban Golf Sakkwato:
Baba duk wanga lissafi na mi na? A ja waya guda daga makulli kai tsaye zuwa famfo, an gama. Motoci nawa munka yi ma haka nan tasha, suna nan suna zuwa Illela suna dawowa.

Tsohon Rewaya:
Ɗana, Allah ya tsare ku da fasinjojinku, amma wannan aikin ba a garejina ba. Ka san dalilin da ya sa masu ƙera mota suka bi ta rile da ƙwaƙwalwa? Don inji yana tsayawa famfo ya tsaya. In mota ta yi hatsari, bututun mai ya fashe, direba ya suma makulli yana buɗe, famfon da aka yi wa dairek zai ci gaba da feso fetur a kan salansa mai zafi har tanki ya ƙare. Ita wannan Corollar ma in jakar iska ta fashe ƙwaƙwalwa tana yanke wa famfo wuta da kanta. Kai kuma ka zo da waya ɗaya ka rushe duk wannan. Ga shi mafi yawan masu jan dairek ko fiyus ba sa sawa a kai.

Direban Golf Sakkwato:
To in mota ta mace maka cikin daji tsakanin Gusau da Tsafe da magariba, tsayawa za ka yi neman mita?

Tsohon Rewaya:
A'a, nan kam ka ja wayarka ka fitar da kanka da bayin Allah, babu mai ganin laifinka. Amma ka isa gari ka cire ta. Abin da nake faɗa da shi waya ta kwana ɗaya ta zama ta shekara uku.

Admin:
Jama'a a yi muhawara cikin mutunci. Kuma masu turo tallan fili a tsakiyar magana, gargaɗi na ƙarshe.

Maman Ikram:
Ina bin ku a hankali don ni ma na sha irin wannan. Tawa 406 ce irin haɗin Kaduna. Na faɗa wani rami da ƙarfi, nan take ta mutu, aka yi ta kik a banza. Har an fara zancen sauke tanki, sai wani dattijo mai faci da ke gefe ya zo ya buɗe bonet ya danna wani maɓalli mai rigar roba, ki ɗaya ta tashi. Ko ita ma Corolla tana da shi ne?

Ɗan Poli:
Hajiya wannan makullin kariya ne na hatsari. In mota ta ji bugu mai ƙarfi sai ya yi tsalle ya yanke wutar famfo, sai an danna shi da hannu ya koma. Peugeot da Ford sun yi amfani da shi sosai. Corolla ba ta da irinsa, nata aikin a cikin ƙwaƙwalwa yake kamar yadda Baba ya faɗa. Kuma shi ba ruwansa da zafi, in ya yanke ya yanke, ba zai dawo don mota ta huce ba.

Masu tsohuwar Accord da Civic na shekarun 1990 su ne suke da ciwo mai kama da na Baban Khairat. Babban rile ɗinsu yana ƙarƙashin dashbod ɓangaren direba, dalmar da ke cikinsa tana tsagewa da tsufa. A ajiye mota a rana gilas a rufe, a dawo ta ƙi tashi, a buɗe ƙofofi ta sha iska ta tashi. Mai gyaran rediyo ma yana iya sake masa dalma.

Na Maraɗi:
Ni tambayata, ba man ba ne? Mu nan rabin man da muke sha na kwalba ne a bakin hanya, kuma matatar famfo tana toshewa da datti. In ta toshe mota tana shaƙewa haka.

Mai Kayan Gyara:
Wannan ma gaskiya ne. Tun da aka cire tallafi a watan Mayun 2023 mutane suka koma shan lita biyar lita uku, fitilar mai kullum a kunne. Famfon nan a cikin tanki yake zaune, man ne yake sanyaya shi. Ga na 'yan bumburutu, wani da ruwa wani da ƙasa. Amma shi Alhaji an sa masa sabon famfo, ai da sabuwar matata yake zuwa.

Baban Khairat:
Eh an canja matatar, kuma an wanke tanki. Ba na barin mai ya sauka ƙasa da kwata.

Tsohon Rewaya:
To mu koma kan wuta. Malam ga abin da za ka sa a yi, kuma ka tsaya a kai da kanka.

A ta da mota tunda da sanyi tana tashi. A auna batir inji yana aiki, ya kamata ka ga tsakanin 13.5 da 14.5. A bar ta tana aiki a je soket ɗin famfo. Wayoyi masu kauri biyu su ne na famfo, siraran na gejin mai ne, kada kowa ya kuskura ya ba su wuta. A Toyota wayar bodi, wato ta negatif, fara ce mai baƙin layi. A auna tsakanin masu kaurin nan biyu. Abin da ka gani a batir da abin da ka gani a nan, bambancin kada ya wuce kamar rabin bolt. In ya kai bolt 1 ko 2, wuta tana zubewa a hanya.

Sai a gano ta wane ɓangare. Sa baƙin bakin mita a kan negatif na batir da doguwar waya, jan bakin a kan wayar bodi ta famfo. In lafiya take za ka ga abin da bai wuce 0.1 ko 0.2 ba. Sannan jan baki a fozitif na batir, baƙin a kan wayar wutar famfo. Lambar da ta fito ita ce wutar da ta ɓace tsakanin batir da tanki. Daga nan sai a yi ta matsowa baya: bayan rile, gaban rile, bayan fiyus ɗin da aka rubuta wa EFI, gaban fiyus. Inda lambar ta faɗi, tsakanin nan da wurin da ka baro ɓarawon yake.

Kuma kada a auna sau ɗaya a tashi. A bar mita a jone, a kunna AC, a rufe bonet, a jira ta yi zafin da take mutuwa.

Abu Hanan:
Baba wanda ba shi da mita fa? Yawancin rewayoyin unguwa ɗan ƙwan gwaji ne kawai da su.

Tsohon Rewaya:
Ɗan ƙaramin ƙwan nan shi ma yana ruɗi, don abin da yake ja kaɗan ne, balle irin na LED. Ka samo ƙwan babbar fitilar gaba mai wat 55, ka ɗaura masa waya biyu. Yana jan amfiya 4 da wani abu, kusan abin da famfo yake ja. Zare soket, jona shi a madadin famfo, a yi kik. In ya haska fari tas layi yana iya ɗaukar kaya. In ya yi ja-ja kamar garwashi, ka samu amsa. Amma a yi wannan murfin tanki yana ɗaure, babu warin fetur, ƙofofi a buɗe. Ba a wasa da tartsatsi a kan buɗaɗɗen tanki, kuma mai sigari ya yi nisa.

Ɗan Poli:
Ni da za a fara da na'ura da an huta. A jona sikana a ga ko akwai P0230, lambar layin famfo ke nan, ko P0335 ta sensan kiranshaf.

Tsohon Rewaya:
A jona, ba laifi. Amma ƙwaƙwalwar wannan motar iyakarta ta ja rile. Abin da ya faru da wuta daga rile zuwa tanki ba ta gani. Za ka iya samun sikana ta ce maka babu komai alhali waya tana can tana dahuwa a ƙarƙashin kafet.

Ɗan Poli:
Haka ne Baba, na yarda da wannan. Sai dai in ƙara, in wuta ta cika kuma mota tana mutuwa, a sa gejin ƙarfin mai. Wannan injin yana son 44 zuwa 50 psi, wato bar 3 da ɗoriya. Sai an haɗa biyun ake yanke wa famfo hukunci.

Direban Golf Sakkwato:
Ni dai har yanzu rile nika zargi. Ku rubuta ku aje.

Baban Khairat:
Jama'a na dawo daga gareji. Yaron da farko ya ɗan ɓata rai, wai ana koya masa aiki daga waya, amma ogansa ya ce a yi yadda Baba ya faɗa. Batir ya nuna 14.1. A famfo, soket a jone, 11.6 tun da sanyi. Muka kunna AC muka zauna. Ina kallo lambar tana sauka a hankali, 11, 10 da wani abu, kukan famfon ma ya canja ya koma kamar mai nishi. Tana kaiwa wajen 8 inji ya fara karkarwa ya mutu. Ɓangaren bodi 0.1 ne, lafiya. A inda wuta take fita daga rile kuma ta kusa daidai da ta batir.

Direban Golf Sakkwato:
To. Na janye.

Tsohon Rewaya:
Alhamdu lillahi. Rile ya fita, fiyus ya fita, birenbos ya fita. Tsakanin dashbod da tanki ne. Ku ɓalle robar dokin ƙofa ku bi damin wayoyin da ya tafi baya. Ka bi da hannu tun tana da zafi, kuma ka nemi inda aka naɗe da salatif ɗin da ba na kamfani ba.

Baban Khairat:
Baba Allah ya saka da alheri, ya ƙara lafiya. Ko ɓalle robar ba mu gama ba muka ji ƙauri. A gefen ƙafar direba aka yanke wayar famfo aka kai ta wani ɗan rile na tiraka, da wata siririyar waya irin ta sifika. Ba dalma ba komai, murɗawa kawai aka yi da hannu aka naɗe. Salatif ɗin ya narke ya zama kamar ƙwalta, tagullar ta yi baƙi da kore, ana taɓa ta tana marmashewa. Kafet ɗin wurin ma da danshi, ina jin ruwan wanki yana shiga. Hannu ba ya iya riƙe wurin don zafi.

Ɗan Poli:
Dole ya yi zafi. In famfo yana jan amfiya 5 kuma bolt 4 suna ɓacewa a wannan ƙullin, wat 20 ke nan a wuri ɗaya cikin salatif. Yana zafi yana ƙara saki, yana saki yana ƙara zafi, har wutar ta kasa juya famfo. In ya huce ya ɗan kama. Shi ya sa rabin awar nan take tashinta.

Mai Kayan Gyara:
Alhaji ina fata dai za a koma a ba mai shagon da aka ce ya sayar da jabu haƙuri.

Maman Ikram:
To amma me ya sa duk lokacin da aka sa sabon famfo take yin lafiya na ɗan lokaci? Wannan ne ya ɗaure mini kai.

Tsohon Rewaya:
Hajiya sabon famfo gawayin da ke kai wuta cikin motarsa sabo ne, yana juyawa da sauƙi, yana iya haƙuri da ƙarancin wuta fiye da wanda ya gaji. Ga shi wurin aiki ana jan wayoyi ana motsa su, ƙullin yakan ɗan sake kamawa. Sai mai mota ya tafi yana murna, bakanike ma ya ɗauka ya gano ciwo.

Na Maraɗi:
Yanzu cire tirakar za a yi gaba ɗaya ko gyara ta? Don satar mota ma ba wasa ba ce.

Abu Hanan:
A cire kawai. Ba ta ma da layi.

Ɗan Poli:
In ba a amfani da ita a cire, tana shan batir a banza. Wanda kuma yake son tasa, a daina yanke wayar da ke ɗauke da nauyin famfo. A sa ta a kan siririyar wayar da ke jan rile na C/OPN, wadda abin da take ɗauka bai kai ko rabin amfiya ba. Aiki ɗaya za ta yi, famfo ba zai tashi ba, kuma babu abin da zai yi zafi.

Tsohon Rewaya:
Wannan shawarar ta yi. Malam Baban Khairat, kada su sake murɗa maka. A yanke duk inda ya yi baƙi har sai an ga jan tagulla mai haske, a sa guntun waya mai kauri daidai da ta asali, a yi dalma ko a matse da ƙarfen haɗi, a rufe da robar nan da ake ƙona ta ta kama. A nemo inda ruwa yake shiga a toshe. Bayan an gama a maimaita awon nan mota da zafi kafin ka biya.

Baban Khairat:
An yi haka Baba. Batir 14.1, famfo 13.7, kuma ta yi fiye da awa da AC ba ta motsa ba. Tambaya ta ƙarshe, famfunan da aka cire suna but ɗina. Zan iya gwada su a gida da batir in ajiye mai kyau?

Tsohon Rewaya:
A sa musu mita tukuna, tsakanin ƙafafun biyu ka ga 0.2 zuwa 3 om. In za a ba su wuta, a fili, nesa da jarkar mai, da doguwar waya, kuma a yi haɗin ƙarshe a can wajen batir ba a jikin famfo ba. Taɓawa ɗaya a saki, kada a bar shi yana gudu a bushe. Juyawa kuma ba ta nuna yana da ƙarfin tura mai, wannan sai an ɗaura shi an sa geji.

Direban Golf Sakkwato:
Baba tunda kana kusa, tawa kuma fiyus ɗin famfo mai lamba 18 taka ƙonewa, mai amfiya 20. Yaro ya ce a sa mai 30.

Tsohon Rewaya:
Kada ka bari. Zare soket ɗin famfo a but, sa sabon mai 20, ka yi kik. In ya sake ƙonewa waya ce take taɓa bodi a hanya, kuma ka duba ta sensan salansa don layinsu ɗaya, tana yawan kwanciya a kan ƙarfe mai zafi ta narke. In bai ƙone ba sai da ka mayar da soket, famfon ne yake jan wuta fiye da ƙima. Gwada ka faɗa mana.